Tabarya a Ɗakin Likita

Maigadin babban asibitin ya ga abubuwa iri-iri a bakin ƙofar nan, amma bai taɓa ganin tsohuwa ta sauko daga adaidaita da tabarya a kafaɗa ba sai ran nan. Tabaryar ma ba ƙarama ba ce. Irin ta kirɓin fura ce, baƙa wuluk, tsakiyarta ta yi sumul saboda shan hannu. Tsohuwar ta gyara zaman hijabinta, ta nufo ƙofa kanta tsaye.

"Iya, tsaya mana! Ina za ki da wannan?"

"Wajen likita."

"To ai ba a daka a ciki."

"Yau za a yi," in ji ta.

Ya ce ta ajiye masa a ɗakin gadi, in ta fito ta ɗauki abarta. Ta ce ba ta ajiyewa. Ya ce to ba ta shiga. Masu sayar da lemo da ayaba suka fara miƙo wuya. Ita kuwa ta kafa tabaryar a ƙasa, ta dafa ta da hannun hagu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, in na shiga ba tare da ita ba, cewa za a yi ƙarya nake. An riga an faɗa sau uku. Wallahi ba za a faɗi na huɗu ba."

Sunanta Ummukulsum, amma duk wanda ya taɓa shan fura a unguwar da ke bayan rijiyar Kusugu, da Iya mai fura ya san ta. Shekara arba'in da ɗoriya tana sana'ar. Da inji ya zo gari ta bar masa surfe da niƙa, amma kirɓi ta ce inji bai isa ba, furar da ba ta sha tabarya ba sunanta dai fura. Kullum da hantsi za ka same su a tsakar gida, ita da Auta, ƙanwar marigayi mijinta, turmi ɗaya a tsakaninsu, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, har makwabta suna gane lokaci da sautin.

Abu biyu aka san Iya da su ban da fura. Ba ta raki. Haihuwa tara ta yi, ba wanda ya taɓa jin ta ce wayyo. Kuma ba ta ƙarya. In mata biyu suka yi cacar baki a unguwar, ita ake kira ta faɗi wadda ta fara, kuma abin da ta faɗa shi ke nan, ko da kuwa a kan 'yar cikinta ne. Ba ta da gona, ba ta da shanu. Maganarta ce dukiyarta, kuma tana ji da ita ƙwarai.

Wata takwas kafin ranar tabaryar nan, suna cikin kirɓi, ta ji wani abu ya yi ƙwas a bayanta, ƙarƙashin allon kafaɗar dama. Kamar wani abu ne ya sulluɓo daga ƙarƙashin ƙashin, ya leƙo, ya koma. Ta share. Kwana biyu ya sake yi. Daga nan ya zama kullum, ya haɗo da wani ciwo mai nauyi da ke sauka har gwiwar hannu. Wata rana a ɗaki ta sunkuya, ta zura hannun hagu ta ƙarƙashin hammatar dama, sai ta ji shi zaune daram, mai tauri, girmansa kamar curin fura.

Ta ƙwala wa Auta kira. Auta ta shigo, Iya ta miƙe tsaye, ta saki hannuwanta, ta juya mata baya.

"Taɓa nan ki ji."

Auta ta lalluba, ta danna, ta shafa. "Ni ban ji komai ba sai ƙashi."

"Yanzu fa na taɓa shi!"

"To ya tafi unguwa ke nan," in ji Auta, ta fita tana dariya.

Wannan shi ne na ɗaya. Na biyu wanzami ne. Ya sa ta ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta miƙe bayanta, ya lalluba iya lallubawarsa, ya ce shi bai ji wani ƙari ba, ƙila mataccen jini ne. Ya kafa mata ƙaho uku, ya tafi ya bar ta da tabo.

Na uku shi ya fi ciwo. Ɗanta Yazid, malamin Islamiyya, ya ɗauke ta a babur ya kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a bakin hanyar Mai'adua. Likitan saurayi ne, sa'an jikanta. Yanzu don Allah, wace tsohuwar kirki ce za ta tuɓe ta yi goho a gaban yaron da ta yi jika da shi? Iya ta zauna a bakin gado ƙiƙam, hannuwa a cinya, hijabi har ƙasa. Ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi, domin haka aka koya mata a amsa ko da mutum yana kan gargara. Ya danna bayanta ta saman hijabi. Ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, hoto ya fito tas. Sai ya ja Yazid gefe, amma bai ja shi da nisa ba.

"Malam, ba komai a jikin Mama. Tsufa ne, da ɗan tunani. Ku riƙa lallaɓa ta."

Lallaɓawar nan ita ta kusa kashe Iya. A gida aka koma yi mata magana a hankali, ana kallon juna ta bayan kanta. Auta kuwa ba ta iya lallaɓa ba, tsokana ta iya, dama tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanwar miji.

"Matarmu ta gaji da tabarya ne, ta rasa bakin faɗa," haka take gaya wa masu zuwa sayen fura. "Ƙari ne da ita mai wasan ɓuya. In kun gan shi a hanya ku ce ana nemansa a gida."

Aka yi ta dariya. Magana ta fita zaure, ta bi lungu. Kafin wata biyu, har Fulanin da ke kawo nono daga rugagen gabas sun ji labarin ƙarin Iya da ba ya ganuwa.

Sai ranar da makwabta biyu suka kaure da faɗa a kan akuyar da ta ci shanyar kuɓewa. Iya tana bakin ƙofa, a kan idonta aka saki akuyar. Ta matsa ta ce ga yadda aka yi. Mai akuyar, yarinyar da aka yi wa wankan jego a hannun Iya, ta murguɗa baki ta ce, "Iya, ke da kike jin abin da babu, ina za mu san abin da kika gani akwai?"

Ba wanda ya tsawatar mata. Wannan shirun shi ya fi maganar zafi. Iya ta juya ta shige gida, ta zauna a bakin gado, baƙin ciki kamar ya tsaga mata ƙirji. A yammacin kuma ta ji Yazid a zaure yana ce wa Auta, "Gwaggo, anya ba ruɗewar tsufa Iya ta fara ba? Ko kuma shafar iska ce. Na yi magana da wani malami a garin Babban Mutum, zai zo ranar Alhamis ya yi mata ruƙiyya."

Yazid ɗan fari ne. Iya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama su yi doguwar hira, balle ta buɗe masa bayanta ta ce taɓa. Amma washegari ta tashi da wani irin taurin rai. Da suka fara kirɓi ta daina jin haushin ciwon, ta koma sauraronsa. Ta ɗaga tabarya, shiru. Ta sauke, hannuwa suka miƙe gaba, kafaɗa ta buɗe, ƙwas, ya fito. Ta ɗago, ya koma. Ta sake saukewa, ya sake fitowa. Sau goma ta gwada, sau goma ya amsa.

"Ashe ɗan banzan nan sai da tabarya yake fita!" Ta tsaya tana haki. "Auta, zagayo bayana. In na sauke ki ɗora hannu."

"Ni ba za ki mai da ni mahaukaciya ba," in ji Auta, ba ta ko ɗago kai ba. "Furar nan tana hucewa."

To, shi ke nan. Iya ta riga ta ji a bakin masu sayen fura cewa akwai likita mace mai yin tiyata a babban asibiti, ranar Talata take ganin marasa lafiya. Talata na yi ta ce wa Auta yau ta yi kirɓin ita kaɗai, ta saɓa tabaryarta ta fita. Ba ta nemi rakiyar kowa ba.

Ana cikin ja-in-jar da maigadi sai wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar. Matar da ke ciki ta sauke gilashi, ta ƙura wa tsohuwar ido, sai ta buɗe mota ta fito da sauri.

"Iya mai fura! Ina kwana, Iya?"

"Lafiya lau. Wace ce?"

"Chinenye ce, 'yar Okafor mai kayan babur na bakin tasha."

Iya ta kanne ido ɗaya. "Ke ce 'yar firit ɗin nan mai zuwa da kwanon silba, kina cewa a ƙara miki gari?"

"Ni ce, Iya."

"Ikon Allah! To ni likita mace nake nema, wannan ya tare ni."

"Ai kin same ta," in ji Chinenye. A Daura aka haife ta, a nan ta yi firamare, Hausarta ba ta da maraba da ta 'yan gari. Karatun likita ya kai ta nesa shekara da shekaru, bara ta dawo. Ta dubi tabaryar, ta dubi maigadi, ba ta tambayi dalili ba. "Bar ta ta shiga da ita, Baba. Tare muke."

A ɗakin duba marasa lafiya aka rufe ƙofa, aka ja labule. Daga Iya sai likita sai wata nas mai suna Siddiƙa. Likita ta ja kujera ta zauna daf da ita.

"Iya, kar ki ce mini da sauƙi. Wanda ya ji sauƙi ba ya ɗauko tabarya tun daga Kusugu. Faɗa mini duka."

Iya ta faɗa duka, har da akuyar. Likita ba ta katse ta ba. Da ta gama aka taimaka mata ta cire hijabi da riga, ta ɗaura zane a ƙirji. Likita ta bi bayan da yatsu a hankali, daga wuya zuwa ƙugu, ta wuce tabon ƙahon, ta dawo ta zagaye allon kafaɗar.

"Kin ji shi?" Muryar Iya ta yi ƙasa.

"Ban ji ba tukuna."

Iya ta riƙe wannan tukunar. Su ukun farko ba wanda ya ce tukuna.

"To a ba ni tabaryata."

Ba turmi a asibiti. Siddiƙa ta ɗauko filo biyu ta ɗora a ƙasa, tana danne dariya. Iya ta gyara tsayuwa, ta ware ƙafa, ta tofa yawu a tafin hannu kamar yadda ta saba, ta yi bisimilla. Likita ta koma bayanta. Tabarya ta tashi ta sauka, dim. Ta sake, dim. A na uku, da hannuwan suka miƙe gaba, allon kafaɗar ya zame gefe, wani dunƙule ya turo fata ya fito fili, har da ɗan sautinsa.

"Tsaya haka! Kar ki motsa!"

Iya ta ƙame a sunkuye, tabarya a kan filo. Ta ji tafin hannu mai sanyi ya sauka a daidai wurin, ya kewaye shi, ya riƙe.

"Siddiƙa, zo ki gani."

"La ilaha illallahu," in ji nas ɗin. Dariyar ta ɗauke.

"Kin ji shi, 'yar nan?"

"Na kama shi, Iya. Ga shi a hannuna. Gaskiyarki ne."

Matar da ta haihu tara ba ta ce wayyo ba, sai ga ta tana kuka da sauti a kan tabarya, hawaye na ɗiga a filon asibiti. Ba ciwo ya sa ta kuka ba. Daɗi ne, tsantsarsa, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta sauke farali. Likita ba ta ɗauke hannunta ba har sai da kukan ya lafa.

Bayan Iya ta mai da rigarta, likita ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta kama hannun Iya ta juya tafin sama.

"Kin ga wannan kantar? Tabarya ce ta yi miki ita, saboda guga. To allon kafaɗarki ma shekara arba'in yana gugar haƙarƙari. Naman da ke tsakaninsu shi ne ya yi kanta, ya taru ya dunƙule. In kin saki hannu, ƙashin sai ya rufe shi ruf, kamar faifai a bakin ƙwarya. Kowa ya duba ki kina zaune a miƙe ba zai ji shi ba. Hoton ƙashi ma ba ya nuna shi, don ba ƙashi ba ne."

"Ciwon daji ne?" Iya ta tambaya kai tsaye. Tambayar da ta kwana da ita wata takwas ke nan.

"Ban ga alamarsa ba. Irin wannan yawanci ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Amma ba zan rantse miki ba sai na gan shi a hoto, in an cire kuma an gwada."

A ɗakin sikanin aka sa ta rungume filo, ta turo kafaɗa gaba, aka shafa mata wani abu mai sanyi, ga dunƙulen nan a fuskar na'ura. Likita ta ɗauki lambar Yazid a jikin katin da aka yanka wa Iya, ta kira shi. Ya iso a rikice, hularsa a karkace, don ya bar ɗalibai a aji ya yi ta neman uwarsa a gari. Likita ta nuna masa hoton, ta ɗora biro a kan abin. Ya daɗe yana kallo. Iya tana gefe ta kau da kai, tana gyara bakin hijabinta.

Malamin Babban Mutum ya zo ranar Alhamis ɗin kamar yadda aka yi da shi. Da ya ji yadda ake ciki sai ya ce alhamdu lillahi, ya yi addu'ar Allah ya sa a yi aiki a sa'a, ya sha fura kofi biyu ya koma.

Aka tura su Katsina aka yi babban hoto, irin wanda ake zura mutum cikin na'ura tana ta ƙara a kunnensa. Da suka kawo sakamakon, likita ta ce abin da ta zata ne. Ta ce tun da ba mugu ba ne, in Iya ta ga dama za a iya barinsa, a riƙa lura da shi, sai dai ciwon ba zai daina ba muddin tana daka.

"A bar shi? Ya ci gaba da ɓuya yana mai da ni maƙaryaciya? Cire shi, 'yar nan. So nake in gan shi ido da ido."

Ranar Litinin da safe aka shiga da ita. Aka yi mata allurar barci, aka kwantar da ita a gefen hagu, aka jawo hannun dama gaba aka tallafe shi, don ƙashin ya matsa ya ba da hanya. Likita ta tsaga daidai ƙasan allon kafaɗar, ta raba tsokar da ke sama ba tare da ta yanke ta ba, ta tarar da shi a manne da haƙarƙari kamar ƙanzo a gindin tukunya. A nan aikin ya ɗauki lokaci, don ba a so a huda abin da ke rufe da huhu. Kaɗan-kaɗan ta bi shi tana ɓamɓarowa har ya saki gaba ɗaya. Ta sa siririyar roba da za ta riƙa zuƙe ruwan da zai taru a gurbin, ta ɗinke. Kafin azahar an fito da Iya.

Da ta farfaɗo, bakinta a bushe, idonta bai gama buɗewa ba, abin da ta fara cewa shi ne, "An gani?"

"An gani, Iya," in ji Siddiƙa.

"Kowa ya gani?"

Likita da kanta ta kawo shi a cikin kwalba, yana nutse a ruwan magani. Fari-fari ne mai ratsin rawaya, ya fi curin fura girma kaɗan. Iya ta sa aka matso mata da shi daf da fuska. Ta daɗe tana harararsa.

"Kai ne? Duk iskancin nan, kai ne ɗan wannan?" Ta ja tsaki. "A sa mini shi a leda, da shi zan koma gida."

Likita ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba zai yiwu ba, ɗakin gwaji za a aika da shi. Sai Yazid ya ɗauki hotonsa a waya, ta gaba da ta gefe. Da ya gama bai miƙe ba, sai ya durƙusa a gaban gadon.

"Iya, ki yafe mini. Na yarda da maganar wani na bar taki."

Iya ta dubi silin. Leɓenta ya ɗan motsa. Sannan ta juya wajen nas.

"Ke 'yar nan, ce wa wancan ya tashi, mutane na kallo. Ki ce masa ban riƙe shi da komai ba." Ta ɗan nisa. "Kuma kar ya kuskura ya goge hoton nan."

Kwana uku aka cire robar, kwana na biyar aka sallame ta, hannu a rataye. Bayan sati uku sakamakon gwaji ya dawo: ba daji ba ne, kuma an cire shi duka. Likita ta ce ta riƙa motsa hannun a hankali, bayan wata uku ta koma turminta in tana so, amma ta riƙa hutawa. Iya ta ce ta ji, maganar hutun kuma za ta duba.

Kai, zo ka ga gidan Iya a makonnin nan! 'Yan dubiya har zaure. Wayar Yazid ta daina kwana a aljihunsa, tana hannun Iya, daga wannan hannu zuwa wancan. Mata suna kallon hoton suna salati, suna cewa, "Ai mu dama mun san Iya ba ta ƙarya." Dama kun sani? A ina kuka sani, da bakinku ya mutu ranar akuya? Iya dai sai murmushi, tana kishingiɗe tana ba da labarin maigadi da filo, kullum labarin yana ƙara tsawo. Mai akuyar ma ta zo da kwanon farfesu, ta tsuguna daga bakin ƙofa ta kasa haɗa ido. Iya ta sa aka miƙa mata wayar, ta ce ta duba da kyau, ta ga ko akwai.

Auta ce ta riƙe gidan duk wannan lokaci. Ita ke wankin Iya, ita ke gasa mata jiki, ita ke kirɓi ita kaɗai don kada masu saye su watse. Tsokanar ce kawai ta ɗauke, gidan ya yi wani iri.

Wata Lahadi bayan la'asar, baƙi sun watse, Iya na zaune a tabarma a inuwar ɗaki tana ɗaga hannun a hankali tana saukewa kamar yadda aka koya mata. Auta ta zo ta zauna a gefen tabarmar, ta ɗauki wani tsinke tana karyawa.

"Matarmu."

"Na'am."

"Da aka yi miki allurar barcin nan, kin ji lokacin da suka yanka?"

"Ko kaɗan. Na rufe ido, na buɗe, an gama."

Auta ta gyaɗa kai. Ta ƙara karya tsinken. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Nawa a hagu yake."

Iya ta sauke hannunta.

"Tun azumin bara. Ya riga naki." Auta ta jefar da tsinken. "Ke ba ki ga yadda daji ya cinye Innarmu ba, kafin a kawo ki gidan nan ne. Ni na yi jinyarta. Ranar da kika ce in taɓa bayanki, tsoro ne ya kama ni. Na ce a raina, in naki ƙarya ne, to nawa ma ƙarya ne. Shi ya sa na dage. Na san na cuce ki, Ummukulsum. Ni na fara sa aka yi miki dariya."

Iya ta dube ta. Shekara talatin suna fuskantar juna a kan turmi ɗaya, yau ne ta lura da yadda matar ta rame a wuya. Haushin da ta tara wata takwas, wanda ta yi niyyar sauke mata shi wata rana a gaban mutane, ta neme shi ta rasa. Tausayi ne kawai ya cika ta.

Auta ta juya mata baya, ta fara ɗage rigarta. "Taɓa ki ji. Ƙila ma ba za ki ji ba, shi ma ɓuya yake yi. Amma wallahi tallahi yana nan, na rantse da..."

Iya ta miƙa hannun dama, wanda aka yi wa aikin, ta kama bakin rigar ta ja ta ƙasa.

"Rufe bayanki, kuma bar rantsuwa. Ba sai na taɓa ba. Kin ce yana nan, to yana nan."

Auta ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na girgiza. Iya ta bar ta ta yi mai isarta, tana ɗan bubbuga mata baya a hankali, can nesa da wurin.

"Ya isa haka. Tashi ki sauke tukunyar nan kafin ta kama," in ji ta. "Jibi Talata da sassafe ki shirya, ni zan raka ki wajen likita."